Goge saƙon da aka watsa a shafuka da yawa: abin lura kafin a aiki na'ura

Mai wayar salula na iya rubuta saƙo ɗaya, ya danna sau ɗaya, saƙon ya fito a wurare biyu ko uku. Facebook da Instagram da WhatsApp duk na kamfani guda ne. Kamfanin Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, sannan ya sake suna ya koma Meta a 2021. Shi ya sa ake iya haɗa su, hoton da aka saka a Instagram ya bayyana a Facebook. Akwai kuma manhajoji na wasu kamfanoni masu aika saƙo guda zuwa X da YouTube da TikTok a lokaci ɗaya.

Sakawa ba ta da wuya. Gogewa ce ke son natsuwa.

Saƙo ɗaya ne, ko da yawa?

Da zarar saƙo ya fita, ya tashi daga ɗaya. Kowane shafi ya riƙe nasa kwafi, da adireshinsa, da amsoshin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsa. Kamar mai shuka ne da ya ɗebi iri a ƙwarya ɗaya ya shuka gonaki uku: in ya tuge na gona ɗaya, na sauran biyun na nan tsaye.

Mu ɗauki misali. Wata ƙungiyar masu noman albasa a yankin Galmi ta saka hoton buhuna da farashi. Bayan mako biyu farashi ya tashi. Magatakardan ƙungiya ya goge saƙon a Instagram, ya ɗauka magana ta ƙare. Amma tsohon farashi na nan a Facebook. Ɗan kasuwa daga Yamai ya gani, ya ɗauko mota, ya zo da kuɗin da ba su kai ba. Ga hasarar kuɗin mota, ga ɓacin rai, ga sunan ƙungiya ya taɓu. Saboda haka, duk wanda ya goge saƙo a wuri ɗaya, ya buɗe sauran wuraren ya duba da idonsa.

Mine ne ɗan aiken na'ura?

Tun ƙarshen 2022, lokacin da ChatGPT ya fito, mutane suka saba da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya. Daga baya aka samu waɗanda ba amsa kawai suke yi ba, har aiki suna yi. Irin wannan shi muke kira ɗan aiken na'ura. Ana ba shi izinin shiga shafin mutum, a gaya masa abin da ake so da magana ko da rubutu, shi kuma ya buɗe, ya nema, ya danna, ya goge. A 2025 manyan kamfanoni suka fara sakin irinsu ga jama'a.

Ga ƙungiyar da ke da saƙonni ɗari biyu ko uku a shafuka da yawa, wannan sauƙi ne babba. Aikin yini guda yana iya ƙarewa cikin mintoci. Sai dai saurin nan shi ne haɗarinsa. Ɗan aike na mutum, in ka ce masa «kwashe tsofaffin buhuna daga sito», ya san waɗanda kake nufi, in kuma ya yi shakka sai ya dawo ya tambaye ka. Ɗan aiken na'ura bai san ƙungiyarku ba. In aka ce masa «goge saƙonnin albasa na bara», yana iya haɗawa da hoton ranar da aka ba ku takardar yabo, don kawai kalmar albasa na ciki.

Ba zato ba ne. A watan Yuli na 2025, ɗan aiken kamfanin Replit na Amurka ya goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwa, alhali an riga an ce masa kada ya canza kome. Shugaban kamfanin ya fito fili ya ce bai kamata hakan ta faru ba. An dawo da bayanan ne saboda akwai ajiyarsu ta baya. Wanda ba shi da ajiya fa?

Abin da ke dawowa da abin da ba ya dawowa

A nan ne shafukan suka sha bamban, kuma yana da kyau a haddace bambancin. Facebook na da kwandon shara: saƙon da aka jefa ciki yana yin kwana 30 kafin ya ɓace, kuma cikin kwanakin nan ana iya maido shi. Instagram ma, tun 2021, na riƙe hoto ko bidiyon da aka goge har kwana 30. Amma a X, abin da aka goge ya tafi ke nan. Haka bidiyon YouTube: in ba ku da kwafinsa a waya ko a kwamfuta, ba za ku sake ganinsa ba, kuma amsoshin mutane da ƙidayar waɗanda suka kalla duk sun tafi tare da shi.

WhatsApp kuwa na ba da damar goge saƙo ga kowa cikin kwana biyu ko kusan haka bayan aikawa. In lokacin ya wuce, a wayarku kaɗai zai gogu.

Akwai hanya tsakanin bari da gogewa, wato ɓoyewa. A Facebook da Instagram ana iya kai saƙo ma'ajiya, inda mai shi kaɗai ke ganinsa. A YouTube ana iya mai da bidiyo na sirri. A ganinmu, mai shakka ya fara da ɓoyewa. Mutane sun daina gani, bukata ta biya, kuma ba a rasa kome ba.

Yaya za a aike shi?

Kafin kome, a adana kwafi. Manyan shafukan duk suna da wurin da mutum ke neman a tattara masa abin da ya taɓa sakawa. In kuɗin intanet bai isa ba, a sauke hotuna da bidiyon da suka fi muhimmanci.

Bayan haka, kada umarnin farko ya zama na gogewa. A ce masa: «Jera mini saƙonnin da ke ɗauke da tsohon farashi, da ranar kowanne, da shafin da yake. Kada ka goge kome.» In jerin ya fito, a karanta shi a tsanake. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna ya zauna da malamin ajinsa ko wani amintacce su bi layi-layi. Ba abin kunya ba ne. A lura da rana musamman, domin saƙon bara da na bana na iya zama da hoto iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya.

Sai a zaɓi saƙo ɗaya tak a gwada da shi, a shafin da ke da kwandon shara. A buɗe shafin a duba. Shin wanda ake nufi ne ya tafi? In haka ne, a ci gaba kaɗan-kaɗan, biyar ko goma, yana neman amincewarku kafin kowane kashi. X da YouTube su zo a ƙarshe. Kuma ko ya ce «na gama», kada a tsaya ga maganarsa. Irin waɗannan na'urori kan ba da labarin aikin da ba su kammala ba.

Maganar makulli

Ɗan aike ba ya shiga sai an buɗe masa ƙofa. Kada a rubuta masa kalmar sirri cikin hira, kada kuma a ba shi lambar da ake aikowa ta waya don tabbatar da mai shafi. Hanyar da ta fi ita ce ba da izini ta cikin shafin kansa, inda ake nuna muku abin da zai iya yi. Manhajar da ta nemi izinin karanta saƙonninku na sirri alhali aikinta goge hoto ne, ku ƙyale ta. In aiki ya ƙare, a koma cikin saitin shafi a janye izinin. Mutane da yawa kan manta da wannan, makulli ya yi shekara a hannun baƙo.

Wani abu kuma: ɗan aiken yana karanta duk rubutun da ya tarar, har da amsoshin mutane. Mugu na iya ɓoye umarni cikin amsa, na'urar ta ɗauka daga gare ku ya fito. Wannan ma dalili ne na hana shi goge kome sai da yardarku.

Inda gogewa ba ta kaiwa

Ba mutum, ba na'ura, da ke iya shiga wayar wani ya cire abin da ya riga ya sauke, ko hoton fuskar waya da ya ɗauka, ko saƙon da ya tura wa wasu a WhatsApp. A Nijar akwai dokar 2019 a kan laifukan intanet, kuma a watan Yuni na 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna ta intanet. Goge saƙo ba ya hana wanda ya ɗauki hotonsa kai ƙara.

In kuskure ne aka watsa, kamar tsohon farashi ko ranar taro da aka ɗage, gogewa kaɗai ba ta isa. A rubuta sabon saƙo da rana a kansa, a faɗi abin da aka gyara, a saka shi a duk wuraren da na farko ya fito, a kuma tura shi cikin rukunonin WhatsApp da aka san tsohon ya shiga.