BOMPAI, SHARAƊA DA CHALLAWA: MAKARANTUN SANA'A DA BA SU DA ALLO

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Shekara da shekaru ke nan, duk lokacin da muka haɗu a babban taron wannan ƙungiya, maganar da ta fi cin lokacinmu ita ce ta matasanmu da suka gama makaranta suna zaman majalisa. Kullum shawara ɗaya ce take fitowa: a tara kuɗi, a koya musu sana'a, a ba su jari. Shawara ce mai kyau, sai dai ba mu muka fara kawo ta ba. Kano ta riga ta gwada hanyoyi uku na mayar da yaro mai cin gashin kansa: hanyar ubangida, hanyar masana'anta, da hanyar shirye-shiryen gwamnati. Kafin mu zuba kuɗin jama'a, ya dace mu duba abin da kowacce ta bayar da inda ta gaza, musamman a Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda da yawa daga iyayenmu da yayyenmu suka nemi abinci.

Hanyar ubangida

Tun kafin a ji ƙarar inji a ƙasar Hausa, Kano garin masu sana'a ne. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, marinar Ƙofar Mata kuwa ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Da Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Waɗannan masaƙa da marina da majema da dukawa da maƙera ba su da takardar shaida. Yaro yakan shiga hannun ubangida tun yana ƙarami. A maƙera ya fara da zuga, a majema ya fara da ɗebo ruwa da dakan bagaruwa, a fatauci ya fara da kiwon jakuna da ɗaurin kaya. Haka zai shekara yana kallo yana taɓawa, har ranar da ubangida ya ga ya isa. A ranar sai ya sallame shi: ya ba shi kayan aiki ko ɗan jari, sau da yawa ya yi masa aure, ya haɗa shi da masu sayen kaya, ya kuma tsaya masa idan zai karɓi kaya bashi. Bayan sallama ma ido bai ɗauke ba, domin idan yaro ya karye, sunan ubangida ne ya ɓaci.

Ashe abubuwa huɗu wannan tsari yake bayarwa a dunƙule: ƙwarewa, jari, kasuwa, da sa ido. Da su aka gina manyan gidajen kasuwancin Kano. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, ya taso cikin fataucin goro zuwa Gwanja, ya koma sayen gyaɗa, kuma kafin rasuwarsa a 1955 yana da tarin yara da wakilai da yake ba jari suna saye masa a ƙauyuka. Tsarin yana da nakasunsa, don babu rubutu a cikinsa, komai ya rataya ne ga adalcin ubangida. Amma inda aka yi adalci, yaro yakan zama ubangidan wasu.

Zuwan injuna

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, dalar gyaɗa ta tashi. Daga shekarun 1940 baƙin 'yan kasuwa, musamman Kwarori, suka fara kafa injunan matse man gyaɗa. A shekarun 1950 da 1960 Bompai, arewa maso gabas da birni, ta zama unguwar masana'antu ta farko. Can aka riƙa yin man gyaɗa da alewa da turare da kwanukan sha, can aka haɗa keken Raleigh, can kuma kamfanin fulawa na Arewa ya kafa injinsa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya riƙe ta har 1975, kuɗin man fetur ya shigo, Bompai ta cika. Sai aka yanka sababbin filaye a Sharaɗa kashi-kashi, sannan a Challawa kusa da kogi, inda manyan kamfanonin jima suka taru saboda bukatarsu ta ruwa. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka ba attajiran Kano damar sayen hannun jari. Wasu suka kafa nasu: Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda a shekarun 1970, Alhaji Nababa Badamasi kuma ya buɗe masaƙar Gaskiya a tsakiyar shekarun 1980.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗannan kamfanoni su ne makarantar sana'a mafi girma da Kano ta taɓa samu. Mu da muke aji a lokacin mun sha ganin yaron da muka yaye daga firamare ya tafi birni ya shiga kamfani a matsayin lebura. Bayan shekara biyar ko shida sai ya dawo hutun Sallah bisa sabon keke, ya iya walda, ya iya haɗa wutar lantarki, ya iya kwance inji ya mayar. Babu allo, babu alli. Heluma ne malaminsa, injin da ke gabansa shi ne littafinsa. Ya koyi abin da makarantarmu ta sha wahalar koya masa: zuwa kan lokaci, don jiniya ba ta jiran kowa, awo daidai, don kuskuren ɗan taƙi yakan ɓata kaya mai yawa, da rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Gwamnatin Tarayya ma ta fahimci haka, shi ya sa a 1971 ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, inda kamfanoni ke zuba wani kaso na kuɗin albashi don horo, daga baya kuma aka riƙa tura ɗalibai kamfanoni su koyi aiki da hannu.

Bugu da ƙari, kowane kamfani kasuwa ne ga masu ƙaramin ƙarfi. A bakin ƙofarsa akwai mai shayi da mai abinci da mai facin keke. Akwai dillalin da ke tattaro fata daga kasuwannin ƙauye, da telan da ke ɗinka kayan ma'aikata, da mai amalanken da ke fitar da kaya. Akwai kuma dilolin da kamfani ke ba kaya su kai Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, su sayar su dawo da kuɗi. Albashin ƙarshen wata yakan shiga adashi, adashi ya zama injin niƙa a ƙauye. Injunan niƙa na farko a garuruwa da yawa irin namu da kuɗin kamfani aka saye su.

Abu ɗaya ne kamfani bai bayar ba, shi ne sallama. An gina shi ne don ya riƙe ma'aikaci, ba ya da wata ranar da zai ce masa ga jari, je ka tsaya da ƙafarka. Wannan giɓi bai fito fili ba sai da ƙofofi suka fara rufewa.

Durƙushewa

Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun bar injunan mai ba abin matsewa. Farashin fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kayan gyara ya zama sai da lasisi. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP. Naira, wadda a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja, ta wayi gari a Satumbar 1986 sai an ba da fiye da Naira 4 a karɓi dala ɗaya. Wutar NEPA ta zama sai an gani, kowane kamfani ya koma dogaro da janareta, baƙin man da masaƙu ke dafa ruwa da shi ya yi tsada. Daga ƙarshen shekarun 1990 atamfa da shadda masu araha daga ƙasar Sin suka cika Kantin Kwari, wasu ta hanyar fasa-ƙwauri. Kafin ƙarshen shekarun 2000 masaƙun Bagauda da Gaskiya duk sun tsaya, gine-gine da dama sun koma ɗakunan ajiyar kayan waje. Sayar da kamfanin rarraba wuta na KEDCO a 2013 bai kawo ƙarshen kukan ba, cire tallafin fetur a 2023 da ƙarin kuɗin wuta na 2024 kuma suka ƙara nauyi a kan masu roba da jima da casar shinkafa da suka jure.

Waɗanda aka sallama daga aiki sun fito da ƙwarewa ba jari. Masu rabo suka kafa rumfuna a Dakata da Ƙofar Ruwa da gefen Sharaɗa, suna ƙera injunan niƙa da ƙofofi, suna markaɗa tsohuwar roba, suna koya wa yara. Sauran suka koma acaɓa ko gadi, sana'ar tana tsatsa a hannunsu.

Hanyar gwamnati

Gwamnatoci ba su naɗe hannu ba. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, ta fara aiki a 1987, tana kai matasa wurin masu sana'a su koya, tana kuma ba wasu rancen kayan aiki. An kafa Bankin Al'umma a 1989 don ba talaka rance ba jingina. A 1994 aka buɗe cibiyar renon masu ƙere-ƙere a Kano. Bankin Masana'antu ya zo a 2001, hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i a 2003, sannan a 2008 Babban Bankin Nijeriya ya zaɓi Kano cikin wurare uku na farko da ya buɗe cibiyar koyar da dabarun kasuwanci. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Kwankwaso ta kafa cibiyoyin koyon sana'a da dama, kamar ta kiwon kaji da ta kiwon kifi, gwamnatin Ganduje kuma ta gina babbar cibiya a Titin Zariya aka sa mata sunan Aliko Ɗangote.

Mutane da yawa sun amfana, ba za mu ƙi faɗa ba. Sai dai abubuwa huɗun nan da ubangida ke bayarwa a dunƙule, a nan an rarraba su. Wannan ofishi ya koyar, wancan banki ya ba da rance, kasuwa kuwa da sa ido ba na kowa ba ne. Horon 'yan makonni ba ya yin gwani. Keken ɗinkin da aka raba a filin taro ga wanda ba shi da mai kawo masa ɗinki, kasuwa yake komawa. Da yawa kuma sun guji rancen banki saboda kuɗin ruwa. Mu malamai mun ga irin wannan da tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, lokacin da injunan koyon sana'a suka iso makarantu da yawa suka tsufa cikin akwatunansu, ba wuta, ba mai koyarwa.

Wasu al'ummu ba su yar da hanyar ubangida ba. Maƙwabtanmu Inyamurai na Sabon Gari suna riƙe yaro shekaru a kanti, sannan su buɗe masa nasa. A Jamus ɗalibin sana'a yakan raba makonsa tsakanin kamfani da aji har kusan shekara uku.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, ƙungiyarmu ta zama ubangida. Da farko mu ƙidaya 'yan garinmu da suka yi aiki a Bompai da Sharaɗa da Challawa, mu san wanda ya iya me. Yawancinsu sun haura sittin, kuma duk wanda muka kai makwancinsa da makaranta guda muka binne. Na biyu, mu damƙa musu yara maza da mata, ko ga waɗanda suka yaye masu rumfa a yau, na tsawon shekara biyu aƙalla, da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu. Na uku, sallama ta zama da kayan aiki, a biya sannu a hankali ba ruwa, don na baya su samu. Na huɗu, mu zame musu kasuwar farko: kujeru da tagogin ajujuwan da muke ginawa da kayan makarantar 'ya'yanmu, a ba su su yi. Na biyar, mu tsofaffin malamai mu ɗauki nauyin zagayawa kowane wata, mu duba littafin shiga da fita, mu koya musu raba jari da riba.

Gara mu tsayar da yara goma da ƙafafunsu da mu raba wa ɗari takardar shaida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka ci guminsu, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya sa mu dace. Amin.