Yadda Indiya Ta Juya Fuskarta Zuwa Teku

Sarakunan Delhi sun shafe ƙarnuka idonsu na kan mashigin Khyber, domin ta can mahara kan gangaro bisa dawakai. Sai ga shi waɗanda suka mallake ƙasar ta ruwa suka ɓullo. Vasco da Gama ya sauka kusa da Calicut a 1498, Turawan Holan da Faransa da Ingila suka biyo sahunsa, suna kafa rumfunan ciniki a bakin gaɓa. Sannu a hankali rumfa ta zama fada.

Tun a 1945 masanin tarihi K. M. Panikkar ya yi wa 'yan ƙasarsa gargaɗi a littafi cewa tsaron Indiya a teku yake. Ba a ɗauki maganarsa da nauyi ba. Rigingimu da Pakistan, da kashin da Sin ta ba ta a 1962, suka sa kuɗin tsaro ya karkata ga sojojin ƙasa, na ruwa kuwa sai ragowa.

Abubuwa biyu suka farkar da Indiya. A yaƙin 1971 Amurka ta turo jirgin ruwanta na yaƙi Enterprise zuwa Tekun Bengal, Delhi tana ji tana gani. A Nuwamban 2008 kuma 'yan bindiga goma suka taso daga Karachi, suka shiga Mumbai cikin ƙaramin kwalekwale, suka kashe mutum 166.

Shekara guda kafin harin, Shinzo Abe na Japan ya tsaya gaban majalisar Indiya yana cewa a ɗauki Tekun Indiya da na Fasifik a matsayin fage ɗaya. Da farko Delhi ta yi ɗari-ɗari, gudun tsokano Beijing. Amma a 2017, shekarar da Sin ta buɗe sansanin soja a Djibouti, ta kuma karɓi hayar tashar Hambantota ta Sri Lanka har shekara 99, Indiya ta koma zama da Amurka da Japan da Ostireliya. Dabarar Abe ta yi wa Indiya daidai: ta mayar da ita tsakiyar taswira, kuma ta ƙara wa tsibiran Andaman daraja, tunda suna daf da mashigin Malacca inda tankokin man Sin ke wucewa.

A 2022 Indiya ta ƙaddamar da Vikrant a Kochi, jirgin ɗaukar jiragen yaƙi na farko da ta ƙera a gida. Duk da haka, har yau kaso mafi tsoka na kasafin tsaronta sojojin ƙasa ke ci.