Wuƙar Maƙeri da Wuƙar Kanti a Kudancin Kano: Waiwayen Tarihi

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wata tsohuwar tambaya ta mutanen daji, watau ko wuƙa mai tsada ta cancanci kuɗinta. Za a ɗora bayanin a kan ƙasar Doguwa da maƙwabciyarta, Tudun Wada, domin nan ne dajin Falgore yake, wanda a da ake kira Kogin Kano, kuma nan ne farauta da kiwo da cirar zuma suka daɗe suna cikin sana'o'in jama'a.

Kafin Zuwan Turawa

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kano. Ruwayar baka ta Abagayawa ta ce kakansu maƙeri ne da ya taso daga Gaya ya zauna a Dala don neman tama, kuma binciken masu tonon tarihi ya nuna ana narka ƙarfe a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. A kudu kuwa, Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa a yau, ta yi suna wajen haƙar kuza da narka ta tun kafin kamfanonin Turawa su iso.

A wancan zamani ƙarfe abu ne mai wuyar samu. Sai an haƙo tama, an ƙona gawayin ƙirya, an yi ta zuga, kafin a sami dunƙulen da maƙeri zai ɗora a kan uwar maƙera. Saboda haka kowace wuƙa ƙirar hannu ce, kuma ba a yar da ita. In ta dakushe a wasa ta, in ƙota ta fashe a sake wata, in ta cinye a mayar da ita maƙera a fitar da kibiya ko basilla. Maharbi kan tsaya a gaban maƙeri ya faɗi tsawon da yake so da kaurin bayanta, sannan ya kai wa baduku ya ɗinka mata kube. A ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Ningawa suka addabi kudancin Kano, wuƙar ƙugu kayan aiki ce kuma makami ce.

Abin lura shi ne, a lokacin kayan ƙetare su ne na alfarma. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 a shekara, yawancinsu ƙirar garin Solingen na Jamus, a kan wuri 1,000 kowane ɗaya, a yi musu ƙota da kube a Kano. Takobi ke nan na mayaƙa da masu sarauta. Mai fiɗar gada a daji kuwa, maƙerin garinsu ya dogara da shi.

Bayan Zuwan Jirgin Ƙasa

Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911. Daga nan ƙarfen ƙetare da wuƙaƙen kanti suka cika kasuwa da araha, narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Amma ƙira ba ta mutu ba. Kamar yadda nazarin Philip Jaggar a kan maƙeran birnin Kano ya nuna, maƙera sun koma aiki da tsofaffin ƙarafa. Sifirin ɗin mota musamman ya zama abin nema, domin ƙarfe ne mai riƙe kaifi in an iya gasa shi da tsoma shi a ruwa.

Nan ne tambayar ta ɗauki sabon salo. Wuƙar kanti tana da sheƙi da sauƙin kuɗi, amma da yawa daga cikinta sirara ce, don aikin ɗakin girki aka yi ta. In ta karye a daji, ta tashi aiki. Ta maƙeri takan yi tsatsa in ba a shafa mata mai ba, sai dai tana wasuwa a kan kowane dutse mai kyau, kuma wanda ya ƙera ta yana nan kusa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kammalawa

A yau lamarin ya juya: a Turai da Amurka wuƙar ƙirar hannu ita ce ta masu hali, alhali a kasuwannin karkarar Kano ita ce ta talaka. Tarihin ya nuna mutumin daji bai taɓa auna wuƙa da yawan kuɗinta ko sunan ƙasarta ba. Abubuwa uku yake dubawa: ingancin ƙarfen, da dacewarta da hannunsa da aikinsa, da samun mai gyara ta. Wuƙar da ta cika waɗannan ta ci kuɗinta ko da ta yi tsada. Wadda mai ita yake tsoron sa ta a itace kada ta ƙuje, kayan ado ce. Sharaɗi na uku shi ne ke cikin haɗari, domin duk garin da wutar maƙerarsa ta mutu, tsadar wuƙa ba za ta maye masa gurbin maƙeri ba.