Tiyatar daɗaɗɗen kumburin pankiriyas

Pankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, tana samar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin. Idan kumburinta ya daɗe, takan ƙanƙance, duwatsu su toshe bututunta, sai majiyyaci ya yi ta fama da ciwon ciki mai ratsawa har gadon baya, ga rama, wani lokaci har da ciwon suga. Shan barasa da taba na kan gaba wajen haddasa shi, amma a ƙasashe masu zafi ana ganin wani nau'insa a jikin matasan da ba su taɓa shan giya ba.

Ana komawa ga tiyata ne idan magani ya gaza. In bututun ya kumbura, akan tsaga shi ta tsawonsa a haɗa da ƙaramin hanji domin ruwan ya samu mafita, wato aikin Puestow na 1958. Frey ya ƙara da rarake kan gaɓar a 1987, kuma wannan ya fi dacewa idan cutar ta taru a can. Aikin Whipple kuwa an fi yin sa in ana zargin daji. Cire gaɓar gaba ɗaya yana jawo dogaro da allurar insulin.

Aiki ne na manyan asibitocin koyarwa, irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.