Waiwaye: Yadda Aka Koyi Feɗe Kalmar Hausa

Darasinmu na yau tarihi ne. Kusan kowane ɗalibin Hausa ya haddace cewa kalma tana da saiwa, ana kuma liƙa mata ɗafi, ko ɗafa-goshi ko ɗafa-ƙeya ko ɗafa-ciki. To amma daga ina wannan ilimi ya zo mana?

Ba a ajin boko Bahaushe ya fara jin cewa kalma tana rarrabuwa ba. Tun kafin zuwan Turawa, almajiran zaure suna karanta sarfu, wato yadda ake juya kalmar Larabci daga tushe mai baƙaƙe uku. A farkon ƙarni na 19 Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a wannan fanni, Hisnur Rasin. Kalmar "tasarifi" da wasu malamanmu ke kiran ƙirar kalma da ita, daga can muka gaje ta. Sai dai a wancan zamani Larabci ake feɗewa. Hausa kuwa da ita ake yin fassara.

Feɗe Hausar kanta a rubuce ya kankama ne a hannun baƙi. J. F. Schön, Bajamushe ɗan mishan, ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, bayan ya zauna a Ingila da Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. Aiki ne babba, amma da giɓi: bai nuna karin sauti ba. A Hausa kuwa kari yana cikin kayan ginin kalma. Ku furta "ma'aikata" masu aiki, ku kuma furta "ma'aikata" wurin aiki. Harufa ɗaya ne, murya ce ta raba su. Ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 ya taimaka ƙwarai wajen cike wannan giɓi, domin ya nuna kari da tsawon wasali a kalmominsa.

Kafin nan, wajen 1928, August Klingenheben ya warware wata matsala da har gobe take rikita yara. Me ya sa muke cewa "talaka" amma "talauci"? Ina k ta tafi? Ya nuna cewa a tarihin harshen, k ko g idan ta faɗo a ƙarshen gaɓa sai ta rikiɗe ta koma u. Shi ya sa jam'in "zuciya" ya zama "zukata", na "batauye" kuma "tagwaye". Kun ga ashe jam'in ne ya adana tsohuwar saiwa, tilon ne ya sauya kama.

A 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai, abin da ɗalibai ke kira giredi. Ɗauki saiwar say-. Ya saya. Ya saye, bai bar komai ba. Ya sayar, abu ya bar hannunsa. Ya sayo, ya taho da shi nan. Ya sayu, ciniki ya faɗa. Saiwa ɗaya, ƙarshe da kari ne ke juya ma'ana. Duk Bahaushe yana yin haka tun yana yaro, abin da Parsons ya yi shi ne fito da tsarin fili.

Daga nan sai 'yan gida suka karɓi ragama. Farfesa M. K. M. Galadanci ya wallafa littafinsa na nahawu a 1976, sannan a 1990 aka buga kundin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Irin wannan ƙoƙari ne ya sa yau malami zai shiga aji ya koyar da ƙirar kalma da Hausa tsantsa. Ku lura ma, sunayen da aka raɗa su kansu darasi ne: ɗafa da goshi, ɗafa da ƙeya, an ɗauko jikin mutum an kwatanta jikin kalma.

To, me ya sa muka dame ku da wannan tarihi? Saboda sau da yawa yara suna haddace ma'anar "saiwa" don jarrabawa kawai, a ba su kalma su feɗe sai ido ya raina fata. Wani zai ga ma- a "manomi" da "mabuɗi" da "majema", sai ya ɗauka ta "malam" ma ita ce. Ina! "Malam" daga mu'allim na Larabci take, a dunƙule ta shigo. Amma "masallaci" ginin gida ne: ma- da sallat- da -i, sai t ta koma c a gaban i, kamar yadda ta yi a "mota" da "motoci". Haka kuma l ɗin da ke farkon "laifi" da "lokaci" da "liman" ragowar al- ce ta Larabci, ta manne har ta zama jikin saiwa.

Dubi "makaranta" kuma. A 1960 Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa "karatu" ta iso Hausa ne ta bakin Barebari, su kuma daga Larabci suka samo tushenta. Bahaushe ya gina aikatau "karanta", ya sa ma- a goshi, ya sami sunan wuri. Kalma ɗaya, amma ga sawun al'umma uku a jikinta. Yaron da aka koya wa kallon kalma haka ba zai tsaya ga hadda ba, kuma gobe idan sabon abu ya zo, zai iya raɗa masa suna da kayan gida.

Ga aikin gida: ku feɗe "Bahaushe" da "maƙera" da "gidaje". Ku fitar da saiwa, ku nuna ɗafi, sannan ku faɗi baƙin da ya sauya da dalilin sauyawarsa. Allah ya ƙara basira.