Lancia Flaminia: Motar da Aiki Ya Raya

A 1961 kamfanin Pininfarina na Turin ya ƙera wa fadar shugaban Italiya motoci huɗu ƙirar Lancia Flaminia, domin tarbar Sarauniyar Ingila. Tun 1970 aka daina yin Flaminia, amma har yau shugaban ƙasar yakan hau ɗaya a bikin ranar 2 ga Yuni a Rum. A ganina, fitar nan ce ta raya su. Motar da aka jingine, robobinta sukan bushe su tsage, man birki ya sha danshi, fetur ya yi danƙo cikin kafireta.

Wasu za su ce ajiye Flaminia a gidan tarihi ya fi, tunda kayan gyara sun yi wuya. Da gaskiyarsu, domin giyar Flaminia a baya take, birkin baya kuma manne da ita, sai makaniki ya shige ƙarƙashi kafin hannunsa ya kai. Amma irin wannan gwaninta a bakin aiki ake gadonta. In motar ba ta motsi, yaran gareji a ina za su koya? Mai irinta ya riƙa tayar da ita yana hawa titi.