Keso: Lambar da Kakanninmu Suka Ɗinke a Tabarma



Kwanaki a wani zama da muka yi a Unguwar Sarki, wani matashi ya ce ai Bahaushe bai san babban lissafi ba sai da boko ya zo. Amsarmu gare shi kalma ɗaya ce: keso.

Kafin kwabo da sule, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa, kuma jam'insa ne muke kira kuɗi har yau. Daga tekun Indiya ake kawo shi. Wuri 20 hauya ke nan, 200 metan, 20,000 kuwa zambar ashirin. Idan ya kai haka sai a ƙunshe shi a tabarma, a kira shi keso.

A shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ga ana ƙirga wuri 500,000 a Tasawa, cikin Nijar ta yau. Biyar-biyar ake jan sa da yatsu, a tara tsibi na 200 ko na 1,000. Wato keso 25 aka ƙirga da hannu. Da ya isa Kano, ya tarar wuri 2,500 ne dalar azurfa ɗaya, keso guda dala 8 ke nan cif.

To mu duba lambar kanta. In ka yi ta raba 20,000 gida biyu, sau biyar za ka yi ka tsaya a 625. Ita ma 625 biyar ce aka ninka: 5 sau 5 sau 5 sau 5. Ba komai a cikin keso sai biyu da biyar, shi ya sa lambobi 30 ke raba shi ba saura. Rabinsa 10,000, rubu'i 5,000, tumuni 2,500, ɗaya bisa arba'in kuma 500. Amma uku ba ta shigarsa. Mai rabon gado da ya zo kan sulusi zai sami 6,666 sau uku, wuri biyu su yi saura a ƙasa.

Mu 'yan Kaduna muna da uzurin mantuwa. Garinmu ya zama hedikwatar Arewa a 1917, lokacin da kuɗin Turawa ke korar wuri daga kasuwa. Ba mu gaji keso ba, albashi muka gada. Amma uzuri ba ya mayar da abin da ya ɓace. Yau a Kasuwar Barci za ka ji miliyan a bakin yaro, ka ce masa zambar ya tsaya yana kallonka.

Don Allah wanda yake da tsoho a gida ya tambaye shi yadda iyayensa ke ƙirga, ya rubuto mana a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.